Ƙulli Biyu a Jakar 'Yar Asibiti

Shafi na 17

Salamu alaikum, mutanena. Na ga saƙonninku, har da na waɗanda ba sa tuna gaishe ni sai ranar da labari ya makara. Ina sane da kowa. Ku gyara zama.

*

Sai da ta gama yi wa Umma wanka, ta shafe mata baya da mai, ta sa mata riga, sannan 'Yar Asibiti ta lura jakarta ba ta nan.

A ƙusar bayan ƙofa take rataye ta kullum. Baƙar jaka ce mai zif biyu, ɗaya ya mutu. Ta kalli ƙusar, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ɗaga tawul ɗin da ke kan kujera. Babu. Ta daure fuska, don Umma na kallonta daga kan filo, kuma duk abin da ciwo ya cinye a jikin matar nan bai taɓa idonta ba.

"Me kika yar, Ƙawata?"

"Murfin mai ne, Umma."

"Ga shi nan a hannunki."

Ta kalli hannunta. Murfin na ciki. Umma ta lumshe ido.

Ga waɗanda suka shigo mana a tsakiya, ita fa ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Asibitin masu ciwon daji ne ke turo irinsu gida-gida. Su yi wa mara lafiya wanka, su juya shi kada kwanciya ta cinye masa baya, su canza zanin gado yana kai, su ba shi abinci cokali-cokali, su raka shi ranar ƙarin ruwa, su riƙe masa roba in amai ya taso. Abin da suka gani a jikinsa su kai wa Sista, babbar nas ɗin da ke kansu. Abin da suka ji a ɗakinsa su haɗiye. Gidan nan kowa 'Yar Asibiti yake ce mata, kamar ba uwa ce ta haife ta ba. Umma kaɗai ke kiranta Ƙawata.

Tun ranar da ta fara zuwa, Yaya, babban ɗan Umma, ya tare ta a ƙofar gida ya kafa mata doka. A gidan nan ba a faɗin sunan ciwon. An gaya wa Umma ƙarancin jini ne, ruwan da ake ɗaura mata kuma na ƙarin ƙarfi ne. Ranar da kalmar nan ta fito daga bakinta, ranar za ta bar gidan. Ta ce masa gaya wa Umma ba aikinta ba ne, na likita ne. Ya ce hakan ya ishe shi.

Abin da Yaya bai sani ba, Umma ta riga kowa sani.

Ranar da gashi ya fara biyo mataji, 'Yar Asibiti ta dunƙule shi za ta ɓoye a aljihu, Umma ta riƙe mata hannu. Ta ce ƙarancin jinin nan gwani ne, har aski ya iya. Ta ce ita ta yi jinyar yayarta da irin wannan ciwo har ta rufe mata ido, warin ruwan nan ta san shi tun kafin a huda mata hannu. Amma kada yara su ji cewa ta sani. Ɓoyewar nan ita ce kaɗai abin da suke iya yi mata, in ta karɓe musu ita me za ta bar su da shi?

Sai ta roƙi abu ɗaya. Duk silin da ya faɗi a tara mata, a ajiye inda idon yara ba zai kai ba. Ranar da za a kai ta makwancinta a sa mata shi a gefe.

"Ba zan je wa tsohon nan da kai kamar ƙwarya ba," in ji ta, tana nufin marigayi mijinta. "Da gashin nan ya gan ni ya rikice."

To gashin yana cikin jakar, a ƙulle cikin farin tsumma. Kuma ba shi kaɗai ba ne a ciki.

Matar Yaya ta leƙo daga bakin ƙofa. Ba ta shigo ba, ba ta kuma haɗa ido da kowa ba. Ta ce ana kiran 'Yar Asibiti a falo.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta juya Umma ta gefen hagu, ta sa mata filo tsakanin gwiwoyi, ta ja mayafi ya rufe ƙafafu. Ta matso da kofin ƙarfe da cokali inda hannu zai kai, don tun da murya ta rage ƙarfi da su Umma ke kiranta: ta buga cokali a jikin kofi. Sannan ta ɗauraye hannu ta fita.

Yaya bai je shago ba. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mata girman abin. Yana zaune a kujerar mahaifinsu, waya a kan cinya. Auta, ƙanwarsa, tana tsaye jikin labule da doguwar riga mai dogon hannu, hula a ƙarƙashin ɗankwali, a irin zafin nan da fanka ma iska mai ɗumi take bugowa. A tsakiyar falo, kan ƙaramin tebur, ga baƙar jaka. A bayanta Gwaggo ta zauna ta dafa ta da hannu biyu.

Gwaggo ƙanwar marigayi ce. Jinya ta ce ta zo, da akwatinta da buhun magungunan da aka ba ta a hanya, amma tun zuwanta ba ta taɓa ɗaukar robar amai ba, ba ta taɓa wanke zani ɗaya ba. Ba zan ci haƙƙinta ba dai: lokacin da Umma ta haifi Auta ta kusa tafiya, ita ta goya jaririyar har uwar ta miƙe. Kuma tun da yayanta ya faɗi a tsakar gida bai tashi ba, ta daina yarda akwai ciwon da ke zuwa shi kaɗai ba a aiko shi ba.

'Yar Asibiti ta gaishe su. Yaya ya amsa a gajarce. Gwaggo ba ta amsa ba. Ba wanda ya ce ta zauna.

"Jakarki ce?"

"Tawa ce, Gwaggo."

"Ni ba gwaggonki ba ce."

Ta zuge zif ɗin mai rai, ta fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a tebur kamar mai baje hajar kasuwa. Safar hannu. Auduga. Ƙaramin almakashin yanke farce. Ledar da ake ɗaure tsummokin ciwo a ciki a mayar asibiti a ƙona. Gutsuren burodi a takarda, abincin ranarta ke nan. Gwaggo ta ɗaga shi ta nuna wa kowa kamar shi ma shaida ne.

Sannan ta zura hannu can ƙasa ta fito da ƙulli biyu. Ɗaya fari, babba. Ɗaya shuɗi, ƙarami.

Ta kwance farin.

Furfura ce, mai laushi, an naɗe ta da kyau kamar zare. Matar Yaya ta ja da baya ta kama baki. Yaya ya daɗe yana kallon gashin uwarsa a kan tebur.

Gwaggo ta fara jero hujjojinta, kuma a nutse ta yi, ba ihu. Ta ce tun da matar nan ta sa ƙafa a gidan nan gashi ke zuba. Farce ya yi baƙi. Mutum ya rame kamar ana zuƙe shi da tsinke. Umma ta daina karɓar abinci daga hannun kowa sai nata. In za a yi wanka sai a tura ƙofa a sa sakata, a yi ta ƙus-ƙus, wani lokaci har da dariya. Wace irin dariya ce a ɗakin mara lafiya? Ta ce ita ta daɗe tana bin kwandon sharar gidan nan tana dubawa, ba ta taɓa ganin sili ɗaya ba. Ashe ga inda yake tafiya. Ta ce kowa ya san abin da ake yi da gashin mutum, kowa ya san irin ɗakunan da ake kai shi.

Duk abin da ta lissafa ya faru. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi ke nan.

Yaya ya ɗaga hannu, ta yi shiru.

"Zubar gashi na san dalilinsa," ya ce a hankali, yana satar kallon hanyar ɗakin Umma. "Likita ya gaya mini maganin ne. Wannan ban zarge ki ba. Abin da ban gane ba, me ya sa kike tarawa?"

"Ba cutarwa a ciki, Yaya."

"Ba shi na tambaya ba."

"Amana ce."

"Ta wa?"

'Yar Asibiti ta kalli furfurar. In ta ce ta Umma ce, sai ya tambayi me Umma za ta yi da gashi. In ta faɗa, ta gaya masa ke nan uwarsa na shirin kabari, ta san komai, duk wasan da suke yi a gabanta tana kallo ne kawai. In ta yi shiru kuma, ta zama mai kai gashin mutane wurin boka. Ta auna duka biyun, ba wanda ya fi wani sauƙin ɗauka.

Daga cikin ɗaki aka ji ƙarar cokali a jikin kofi.

Ƙafar 'Yar Asibiti ta motsa da kanta. Gwaggo ta miƙe ta tsaya mata a hanya, ta ce hannun nan ya gama taɓa matar yayanta. Aka tura Matar Yaya. Ba ta jima ba ta dawo tana murza yatsu, ta ce Umma ta ce ba ita take kira ba.

Cokali ya ci gaba da bugawa.

'Yar Asibiti ta ce a bar ta ta je ta dawo, wataƙila juyi take so, ƙugunta ba ya jure kwanciya gefe ɗaya. Ta ce jakar na hannunsu, ba inda za ta gudu. Yaya ya ce ta amsa masa tukuna. Ta ce duk abin da zai yi mata ya yi, amma a juya Umma. Ya ce Auta ta je. Auta ba ta motsa ba. Idonta na kan tebur, kan shuɗin ƙullin, leɓenta ya bushe ya yi fari.

Yanzu bari in gaya muku abin da ke cikinsa, don ku san irin wutar da matar nan ke tsaye a kai.

Kwanakin baya ta raka wani tsoho ɗakin ƙarin ruwa, wanda take dubawa da yamma in ta tashi daga gidan nan. Ta zaunar da shi, ta juya za ta ɗauko masa bargo, sai ga mace a kujerar ƙarshe jikin taga, ta rufe fuska da mayafi, allura a bayan hannu, jan ruwan nan na sauka a hankali. Takalmin ta fara ganewa, don kullum tana tsallake shi a ƙofar ɗakin Umma.

Auta ce. Ita da gida ya san ofis ya tura ta kwas a cikin gari.

Ta damƙe wuyan hannun 'Yar Asibiti har sai da farce ya shiga. Ta ce ƙari ne a nono, irin na Umma, irin na yayar Umma. Ta ce likita ya ce an kama shi da wuri. 'Yar Asibiti ta roƙe ta ko Yaya ne ta gaya wa, ciwon nan ba a ɗaukarsa mutum ɗaya. Auta ta ce Yaya zai kulle ta ne a irin ƙaryar da ya kulle Umma, kuma fuskarsa ba ta iya riƙe abu biyu.

"In Umma ta ji, za ta ajiye nata maganin ta ɗauki nawa ciwon. Ki bari ta gama nata. Don Allah."

Tun daga ranar aikin 'Yar Asibiti ya zama biyu, ɗaya a fili ɗaya a ɓoye. In ta zo da safe, kafin Matar Yaya ta shiga shara, sai ta bi ta ɗakin Auta kamar mai neman bokiti. Ta kakkaɓe filo, ta tsince ramin banɗaki, ta ɗauraye robar da ke ƙarƙashin gado. Ta koya mata tsotsar ƙanƙara in baki ya yi gyambo, da cin abu kaɗan-kaɗan kafin zuciya ta tashi. Gashin kuma ba ya shiga kwandon gida tun da Gwaggo na binsa. A shuɗin tsumma take ƙulle shi, ta fita da shi, a ƙona tare da audugar asibiti. Na yau ne bai kai ga fita ba.

Ba wanda ya sa ta wannan, ba kuma wanda zai gode mata. Ku riƙe wannan a ranku.

Ƙarar cokalin ta tsaya.

Shirun ya fi bugun muni. 'Yar Asibiti ta kasa kunne, ba tari, ba motsin gado.

Yaya ya ɗauki waya. Ya ce ba ya son abin ya kai ga hukuma, amma zai kira Sista yanzu ya gaya mata abin da aka samu, a turo wata, ita kuma su san yadda za su yi da ita. Ta san ma'anar wannan. Magana irin wannan in ta shiga ofis ba ta fita, ba gidan da zai sake buɗe mata ƙofa. Amma ba shi ya fi damunta ba. Wadda za a turo ba ta san Umma ba ta son a fara mata wanka daga kai ba. Ba ta san gyambon da ke ƙarƙashin hammata ba, wanda Umma ba ta yarda ko 'ya'yanta su gani ba. Ba ta san akwai ɗaki na biyu ba.

"Na ƙarshe ke nan," ya ce. "Amanar wa?"

"Ba zan iya faɗa ba."

Gwaggo ta koma ta zauna, ta jawo shuɗin ƙullin gabanta. Ta ce bari a ga wannan kuma me aka haɗa a ciki, farce ne ko ƙasar sawu. Ta sa farce a bakin ƙullin. 'Yar Asibiti ta ɗaure shi tam da safe, bai ba da kai ba.

"Gwaggo," in ji Auta, muryarta kamar ba tata ba, "ai an ga ɗaya. Ya isa."

"Ke kuma me ya shafe ki? Uwarki ake ci da rai kina tsaye kamar an dasa ki."

Ta kai ƙullin baki za ta ja da haƙori.

A nan aka ji shi. Wani sautin ja a ƙasa, ya tsaya, ya sake ja. Da numfashi mai nauyi a bayansa. Kowa ya juya.

Umma ce a bakin falo, hannu ɗaya a bango. Matar da sai an ɗaga ta take zama. Ta bi yadda Ƙawarta ta koya mata ne: a fara zama, a sauke ƙafa, a jira jiri ya wuce, a kama ƙarfen gado. Ba ɗankwali a kanta. Tun da gashin ya tafi ba wanda ya ga kan nan a buɗe sai mai yi mata wanka. Fatar na sheƙi, jijiyoyi kwance a kai.

Yaya ya zabura zai tare ta. Ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya tsaya.

"Ƙawata."

'Yar Asibiti ta ratsa ta gefen Gwaggo, ta sa kafaɗa a ƙarƙashin hannun da ba ciwo, ta riƙe ƙugu, suka tako tare har doguwar kujera. Ta zaunar da ita, ta cusa mata filo a baya. Sai da numfashi ya dawo Umma ta kalli tebur, ta kalli burodin, ta kalli furfurarta a baje.

"Wa ya kwance mini kaya?"

Ta juya wajen Gwaggo.

"Gwaggon yara, ke ce?"

Gwaggo ta fara bayani, ta ce ai taimako ne, ta ce in ba a sa ido ba sai a wayi gari an rasa mutum. Umma ta bar ta ta kai ƙarshe. Sannan ta ce ita ta sa a tara. Ita ta ba da tsumman ma, daga tsohon zanin da marigayi ya fi so. Ta ce tana so a sa mata shi a gefe ranar tafiya.

"Wace tafiya, Umma?" in ji Yaya. "Jini ne kawai ya yi ƙasa, likita ya ce..."

"Babana."

Ya juyo ya kalli uwarsa.

"Ciwon daji ne. Ka ji na faɗa, rufin gida bai faɗo ba."

Wayar ta zame daga hannunsa ta faɗi kan kafet. Ƙaton mutum mai ma'aikata a ƙarƙashinsa ya durƙusa a gaban uwarsa ya kifa kai a gwiwarta, kafaɗunsa na rawa. Ta dafa masa kai. Ta ce ya yi ƙoƙari, ƙaryarsa ma ta yi kyau, sai dai tun yana yaro in zai yi ta sai ya sosa kunne, har yau bai daina ba. Matar Yaya ta yi dariya cikin kuka.

Sannan Umma ta juya kan sauran, ba da faɗa ba. Ta ce ita tana kwance ne amma tana lissafe da kowa. Ta san wanda ke leƙowa daga bakin ƙofa ya toshe hanci, ta san wanda ke shigowa ya zauna. Ta ce wa Gwaggo goyon Auta da ta yi yana nan a ranta, ba ta manta ba, shi ya sa yau ba za ta ce mata komai ba, amma sun biya juna ke nan. Ta ce yarinyar nan da aka tsayar kamar ɓarauniya ta ga abin da 'ya'yan cikinta ba su gani ba a jikinta, ta wanke, ta shafa mai, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Da sakatar da dariyar duk nata ne, don a ɗakin nan kaɗai ake barinta ta zama mai ciwon da take da shi.

"In ta fita daga gidan nan, ku haɗa da gadona."

Yaya ya ɗago da jajayen idanu ya ce wa 'Yar Asibiti ta yi haƙuri. Ta ce ba komai. Amma ba shi take kallo ba. Tebur take kallo, tana auna taku nawa ne tsakaninta da shi. Ta fara tattara kayanta a hankali kamar ba komai, safar hannu, auduga, almakashi, tana matsawa wajen shuɗin ƙullin.

Gwaggo ta riga ta. Kunya ta kama tsohuwar, tana neman abin da za ta yi da hannunta. Ta naɗe furfurar ta mayar cikin farin tsumma, ta haɗa da shuɗin, ta zo ta ɗora su duka a cinyar Umma.

"Ga kayanki. Ki yafe ni."

Umma ta shafa farin. Ta ɗauki shuɗin ta juya shi.

"Wannan ban san shi ba."

"Shara ce, Umma," in ji 'Yar Asibiti. "Kawo in zubar."

Ta miƙa hannu. Umma ba ta ba ta ba. Ta ɗago ta kalle ta irin kallon da ta yi mata ɗazu a kan murfin mai.

"Yau sau biyu ke nan, Ƙawata. Ba ki iya ƙarya ba, ki daina."

Bakin ƙullin ya riga ya saki da haƙorin Gwaggo. Yatsun Umma masu baƙin farce suka ja shi sau ɗaya, ya buɗe.

Baƙi ne wuluk. Dogo, mai santsi, ba furfura ko ɗaya.

Gwaggo ta ce to wannan kuma na wane ne. Matar Yaya ta kai hannu ta taɓa nata kitson. Yaya ya kalli 'Yar Asibiti, ita kuma ta kalli ƙasa.

Umma ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗauki gashin ta ja shi tsakanin yatsu biyu tun daga tushe har ƙarshe, a hankali, yadda mai kitso ke yi kafin ta raba layi. Ta sake ja. Ta kai shi hanci.

Gashin nan ita ta fara wanke shi ranar da mai shi ta zo duniya. Ita ta kitsa shi ranar shiga makaranta, mai shi na kuka tana cewa da zafi.

Ba ta juya wajen labule da sauri ba. Sai da ta naɗe gashin a yatsa, ta rufe shi a tafin hannu, sannan ta ɗago. Ta kalli dogon hannun rigar, ta kalli busasshen leɓen, ta kalli inda gira ta fara yin sirara.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Zo nan ki cire hular nan."